Ƙirgen Numfashin Yaro a Dogon Dawa

Wanda duk ya taɓa kwana a Dogon Dawa a tsakiyar hunturu, sa'ad da hazo ya sauko ya lulluɓe kan itatuwan daji, masara ta shiga rumbu, ƙaiƙayin sussuka da ƙurar hanyar Funtuwa suka gauraya da hayaƙin murhu, ya san cewa tun ladan bai yi kiran assalatu ba akwai wani kira da yake riga shi tashin mutane, shi ne tarin yara daga wannan ɗaki zuwa wancan. Galibin wannan tari mura ce kawai, wadda za ta ci kwanakinta ta wuce ko an sha magani ko ba a sha ba. Amma a cikinsa akwai wanda in aka yi masa jinkirin kwana biyu sai a wayi gari ana haƙa ɗan ƙaramin kabari. Mas'alar kuwa da take gaban kowace uwa da kowane uba ita ce yadda za su rarrabe wannan daga wancan, alhali a kunne duk ɗaya suke, likita kuma yana nesa.

Nisan da nake nufi ba na mil kaɗai ba ne. Garin yana kan hanyar da ta taso daga Birnin Gwari ta nufi Funtuwa, babban asibitin yankin, wato na Jibril Mai Gwari, yana can cikin Birni, asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello kuma yana Shika ta wajen Zariya. A lokacin zaman lafiya wannan duka tafiyar yini ɗaya ce ko ƙasa da haka. Sai dai tun daga asubahin nan na watan Oktoban 2012, da 'yan bindiga suka afka wa masallata a Dogon Dawa suka kashe kimanin mutum 20, har zuwa sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla a ƙarshen 2024 wanda ya sa aka sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari, mutanen wannan yanki sun yi shekaru suna auna kowace tafiya da ransu. A ƙarshen 2021 ma har an tsinke layukan waya, an kuma hana hawan babur, wanda shi ne motar ɗaukar marasa lafiya ta talaka. Mutumin da ya rayu cikin irin wannan hali ba a yi masa adalci ba in an ce masa kurum ya kai yaro asibiti da zarar ya yi tari, domin ba zai iya ba. Abin da yake bukata shi ne mizanin da zai gaya masa yau tilas a kama hanya ko da me ke cikinta, gobe kuwa a zauna gida a yi jinya.

Kada kuma a ɗauka ƙaramin al'amari ake magana a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a shekarar 2019 ciwon huhu ya kashe yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 740,000 a duniya, asusun yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, UNICEF, ya kuma lissafa wa Nijeriya ita kaɗai 162,000 a shekarar 2018, adadin da ya fi na Indiya duk da yawan jama'arta. Ba wata ƙasa da ta kai mu a waccan shekara.

Huhu, ga wanda ya taɓa tsayawa wurin mahauci ya dube shi, tsoka ce mai taushi kamar soso, cike da miliyoyin ƙananan aljifai waɗanda ido ba ya gani, kowane ɗaya jijiyoyin jini sun kewaye shi. A nan ne jini yake karɓar rabonsa na iska mai amfani, ya sauke gurɓatacciya. Malamin likitancin nan na Dimashƙu da Alƙahira, Ibnun Nafis, wanda ya rasu a 1288, shi ne ya fara bayyana cewa jini yana bi ta huhu kafin ya koma ɗaya ɓangaren zuciya, ƙarnoni kafin Turawa su tabbatar da haka. To, idan ƙwayar cuta ta sauka cikin aljifan nan, sai su kumbura su cika da ruwa da mugunya, wurin shigar iska ya ragu, jiki kuwa ba ya rage bukatarsa. Saboda haka sai yaro ya rama da sauri abin da ya rasa na zurfi, numfashinsa ya koma sama-sama. Wannan shi ne abin da malaman asibiti suke kira namoniya, tsofaffinmu kuma su ce ciwon haƙarƙari, ko su ce sanyi ya kama ƙirjinsa. Sanyin kansa ba shi ne cutar ba. Abin da hunturu yake yi shi ne ya busar da hanci da maƙogwaro, ya tara mutum takwas a ɗaki ɗaya a rufe ƙofa da taga, a hura wuta a tsakiya, ta haka ƙwayar da take hancin babba sai ta sami hanya zuwa huhun ƙarami.

Tun da wani likitan Faransa mai suna Laennec ya ƙirƙiro abin sauraren ƙirji a 1816, mutane suka ɗauka ba a gane ciwon huhu sai da wannan roba a kunne, daga baya kuma sai da hoton ƙirji. Amma da masana suka dubi ƙasashen da likita ɗaya yake da dubban marasa lafiya, suka yi ijtihadi wajen neman alamar da ba ta bukatar na'ura, sai suka tarar cewa saurin numfashi, in an ƙirga shi da kyau, yana kama mafi yawan yaran da suke da ciwon. A kan wannan aka gina tsarin duba ƙananan yara wanda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a tsakiyar shekarun 1990, wanda har yau da shi ake horar da malaman asibitin karkara a ƙasar nan. Ƙa'idar kuwa gajera ce, ta fi wasu karatun da muka haddace muna yara sauƙi: jaririn da bai cika wata 2 ba, numfashi 60 ko fiye a minti ɗaya sauri ne, daga wata 2 zuwa cikar shekara, 50, daga shekara ɗaya zuwa biyar, 40. Babba lafiyayye yana yin tsakanin 12 da 20, shi ya sa bai kamata uba ya auna ɗansa da kansa ba, don ko lafiyayyen jariri ya fi shi sauri nesa ba kusa ba.

Ƙirgen yana da sharuɗɗa, kamar yadda alwala take da nata, wanda ya bar su ya ɓata aikin. Wajibi ne yaro ya kasance a natse, ko yana barci ko yana kwance a cinyar uwarsa, domin mai kuka da mai shan nono ba a samun gaskiyar numfashinsu. A ɗaga rigarsa a zuba wa ciki ko ƙirji ido, tashi da sauka a lissafa su ɗaya, a kuma cika minti guda cur, kada a ƙirga rabi a ninka, saboda jarirai sukan yi sauri su ɗan dakata su sake ɗauka. Waya ko mai arha ce tana da agogo. Ni a ganina ba abin da ya dace da wannan aiki a gidajenmu kamar carbi, wanda hannun kowa ya riga ya saba da shi: ɗaya ya riƙe waya ya ce a fara, ɗaya ya riƙa jan ƙwaya ɗaya ga kowane numfashi ba tare da ya ɗauke ido daga cikin yaron ba, in minti ya cika a tsaya a lissafa abin da aka ja. A wasu ƙasashen Afirka ta gabas har duwatsun ƙirge na musamman aka yi wa ma'aikatan lafiya na ƙauye waɗanda ba su yi karatu mai zurfi ba, mu kuwa namu yana rataye a ƙusa tun kaka da kakanni. In an sami shakka a maimaita, musamman ga jariri.

Alama ta biyu ta fi ta farko nauyi, ita ce faɗawar ƙirji. Lafiyayyen yaro in ya ja numfashi, ƙirjinsa da cikinsa tare suke tasowa. Wanda huhunsa ya yi tauri kuwa, da yake ƙasusuwan haƙarƙarinsa ba su riga sun ƙosa ba, in ya ja iska da ƙarfi sai ka ga ƙasan ƙirjin, daidai inda awazu suka ƙare, ya lotsa ciki maimakon ya taso. Ba ɗan motsin da ake gani tsakanin ƙashi da ƙashi ake nufi ba, kuma ba wanda yake zuwa lokacin kuka kaɗai ba; lotsawa ce bayyananna wadda take nan a kowane numfashi. Uwar da aka nuna mata wannan sau ɗaya ba ta ƙara mantawa.

Bayan waɗannan akwai alamomin da in ɗaya daga cikinsu ta bayyana an gama shawara, sai neman abin hawa: yaro ya kasa kama nono ko ya kasa shan ruwa, ko ya riƙa amayar da duk abin da ya shiga bakinsa, ko ya yi jijjiga, ko ya yi laushi ana tashinsa ba ya farkawa sosai, ko a ji wata ƙara mai kaushi a maƙogwaronsa duk sa'ad da ya ja iska alhali yana kwance shiru, ko leɓɓansa da harshensa su sauya su yi duhu. Haka kuma jaririn da bai kai wata 2 ba, da mai tamowa wanda jikinsa ya rame ko ƙafafunsa suka kumbura, ba a yi musu jinyar gida ko da alamar ta yi kama da ƙarama, gama su ba su da ajiyar ƙarfin da za su yi jayayya da cuta, sau da yawa ma jikinsu ba ya yin zafi, sai dai ya yi sanyi. Jijjiga kuwa, wadda har yanzu a wurare da yawa ake jingina ta ga iska ko tsuntsu, akan rufe yaro a turara masa hayaƙi, ita ce lokacin da ya fi kowane lokaci bukatar iska mai tsabta.

Maganin namoniyar da ba ta kai ga waɗannan alamomi ba sananne ne, mai araha ne kuma: amoksisilin, wanda yanzu ake yin sa ƙwaya mai narkewa a cokalin ruwa ko na nono, ba ya bukatar firji, ana ba da shi safe da yamma, galibi kwana biyar, gwargwadon shekarun yaro ko nauyinsa bisa ga abin da malamin asibiti ya ƙayyade. Tun 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yarda a yi wa yaron da ya wuce wata 2 wannan magani a gida ko da ƙirjinsa yana faɗawa, muddin ma'aikacin lafiya ya duba shi ya tabbatar babu alamar hatsari, hukuncin da kamar don irin su Dogon Dawa da Damari da Kuyello aka yi shi. Illar da take biye da wannan sauƙi ita ce ta kemis. Akan je a sayi ƙwaya huɗu ta abin da kuɗi ya kai, a ba yaro kwana biyu, da ya ɗan farfaɗo a ajiye saura don ƙanensa. Ko kuma a ɗura wa mai mura tsurarta maganin da ba ta bukata, tun da mura ƙwayar bairos ce take kawo ta, amoksisilin kuwa bakteriya yake kashewa. Duka biyun suna koya wa cuta jure wa magani. Ruwan maganin tari na kwalba, wanda iyaye suka fi yarda da shi don zaƙinsa da launinsa, ba ya taɓa abin da ke cikin huhu, wani ma sa yaro barci yake yi a ɗauka sauƙi ne. Mai kodin a ciki gwamnatin tarayya ta haramta shi tun 2018. Ga mai mura, ruwan ɗumi ga wanda ya wuce wata 6 da yawaita nono da share hanci sun wadatar, da ɗan zuma in ya wuce shekara ɗaya, amma ba a ba jariri zuma. Kuma da yake zazzaɓin cizon sauro shi ma yana sa saurin numfashi, kyawunta a ɗiga jinin yatsa a gwada, domin yaro ɗaya yana iya ɗauke da duka biyun. Bayan kwana uku da fara magani a sake ɗauko carbi. In adadin bai sauka ba, a koma.

Wanda ciwonsa ya tsananta, allura kaɗai ba ta isarsa, sai an haɗa masa da iskar oksijin. Akwai wata 'yar na'ura da ake maƙalawa a yatsa ko a ƙafar jariri, wadda asalin hikimarta ta wani injiniya ne Bajapane, Takuo Aoyagi, a shekarun 1970, tana nuna yawan iskar da ke cikin jini. In ta nuna ƙasa da 90 cikin 100, yaron na gadon asibiti ne ko da idonsa biyu yana kallon mutane.  Da za a tambaye ni abin da ƙungiyar 'yan asalin gari ko mai neman ƙuri'a zai saya wa ƙaramin asibitin ƙauye, da wannan na'ura zan fara ambata kafin fenti da allon suna, sa'an nan injin tace oksijin da farantin hasken rana da zai riƙe shi, don injin da ba wuta kayan ado ne.

Wajibi ne kuma a faɗi wasu abubuwa da muke yi da hannunmu, da kyakkyawar niyya, waɗanda suke ƙara wa Borno dawaki. Na farko ɗura: a kwantar da yaro a toshe masa hanci a zuba kunu ko jiƙo a tafin hannu, yana kuka yana shaƙewa, wani kaso ya bi hanyar iska ya sauka huhu ya ruɓe a can. Na biyu cire beli da tsagar haƙarƙari, waɗanda ake kai wa wanzami yaro mai tari dominsu. Ban raina wanzamai ba, sana'arsu ta girmi asibiti a ƙasar nan, amma belin ba shi ne yake kawo tari ba, jinin da aka zubar kuwa shi ne mai ɗaukar 'yar iskar da ta rage wa yaron. Na uku, in yaro ya sha kananzir ko fetur da aka zuba a gorar lemo, abin da ya yawaita tun da kowane lungu ya zama gidan mai, sai a ɗura masa manja a sa masa yatsa ya yi amai, alhali aman ne yake kai man cikin huhu. Akwai kuma gyaɗa da ƙwayar masara: yaron da yake wasa lafiya lau, farat ɗaya ya sarƙe ya kama tari, daga nan tarin ya ƙi jin kowane magani, a gaya wa likita wannan labari tun daga farkonsa, don mai yiwuwa abin yana can maƙale, sai an sa na'ura an ciro.

Ba kowane haki ba ne namoniya. Akwai yaron da duk sa'ad da ƙura ta taso, ko aka yi shara, ko ya yi gudu, ko dare ya raba, sai ƙirjinsa ya riƙa fito kamar ana busa siririyar sarewa, musamman wajen fitar da iska, ya warke ya sake, sau da yawa kuma a tarar akwai mai irinsa a dangi. Wannan asma ce, hanyoyin iska ne suke tsukewa, ba mugunya ba ce ta cika huhu. Shi ya sa ƙa'idar asibiti ta ce in an ji wannan fito tare da saurin numfashi, a fara shaƙa wa yaro salbutamol har sau uku, da tazarar kamar sulusin sa'a, a sake ƙirgawa; in numfashin ya sauka, an huta da amoksisilin. Mutanenmu suna tsoron abin shaƙar nan, wai wanda ya fara ba ya bari, har ana ɓoye shi kada a ce yarinya tana da asma a rasa mai aurenta. Haƙiƙa ya fi ƙwaya da sirof aminci, tun da kai tsaye yake zuwa inda ciwon yake, kaɗan ne kuma yake shiga jini. Ƙaramin yaro ba ya iya daidaita fesawa da jan numfashi, saboda haka ake sa wani bututu a tsakani. Likitocin yara a Kef Tawun ta Afirka ta Kudu, ƙarƙashin Heather Zar, sun nuna a 1999 cewa gorar ruwa ta roba mai rabin lita, in aka huda gindinta aka cusa bakin abin shaƙar ya zauna daram, tana yin aikin da na kanti yake yi. Wanda asmarsa take yawan tashi akwai wani abin shaƙar na kullum mai hana ta tasowa, wannan sai likita.

Tarin da ya wuce mako biyu kuwa babinsa daban ne. In yaro yana ramewa, yana zazzaɓin da ba ya jin magani, ya daina wasa, musamman in akwai babba mai tsohon tari a gidan, a tuna da tarin fuka. Yara ba su iya fitar da kaki, amma yanzu ana iya gwada bayan gidansu a na'urar GeneXpert, maganin kuma kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, ana shan sa watanni ba fashi. Cibiyar horar da ma'aikatan wannan cuta ta ƙasa baki ɗaya ma tana nan Saye kusa da Zariya. Sauran 'yan'uwansa, tarin shiƙa da ƙyanda da mashaƙo, wanda ya ɓarke a Kano tun ƙarshen 2022 ya ci yara masu yawa, duk allurar rigakafi tana tare su. Allurar nan mai haɗe da cuta biyar ta shigo Nijeriya a 2012, ta ƙwayar namoniya ta biyo baya a ƙarshen 2014, ana yin su a mako 6 da 10 da 14, ta ƙyanda kuma a wata 9 a maimaita a wata 15. Shekarun da masu rigakafi ba su iya shiga daji sun bar yara da yawa a ƙasar Birnin Gwari ba ko ɗigo ɗaya, wasunsu yanzu sun isa tallar gyaɗa. Wanda ya wuce lokacinsa a kai shi duk da haka, malamin asibiti ya duba abin da za a iya rama masa.

Saura hayaƙi, wanda na sani faɗarsa ta fi gyaransa sauƙi a garin da itace da gawayi su ne makamashi. Ba wanda zai ce wa maijego ta kwana cikin sanyin Janairu ba wuta. Amma ana iya barin itacen ya gama cin hayaƙinsa a tsakar gida kafin a shigo da garwashi, a bar 'yar kafa a taga, mai girki ta sauke goyo ta miƙa wa wata kafin ta durƙusa gaban murhu, mai shan taba kuma ya fita zaure. Nonon uwa zalla har wata 6, ba ruwa ba jiƙo, yana daga cikin abin da aka tabbatar yana rage wannan ciwo.

In kuwa ƙirge ya nuna tafiya ta wajaba, to akwai yadda ake yin ta. A biya ta wurin malamin asibitin gari tukuna, ko da dare ne a buga masa ƙofa, ya ba yaro kashin farko na magani ya rubuta takardar turawa, don kada sa'o'in hanya su tafi a banza. A lulluɓe yaron amma a bar fuskarsa a buɗe, jariri a sa shi a ƙirjin uwa fata da fata maimakon a baya inda ba mai ganinsa, kansa a ɗan ɗage, a ci gaba da ba shi nono in yana iya kamawa. A riƙe kwalabe da fakitin duk abin da aka riga aka ba shi, har da na gargajiya, a nuna ba tare da jin kunya ba. In an isa, kada a bi layin masu karɓar kati a zauna shiru. A nufi ma'aikaciyar jinya ta farko da aka gani a ce mata ɗan wata bakwai ne, numfashinsa 64 a minti, ƙirjinsa yana faɗawa, rabonsa da nono tun la'asar.